Shagon littattafan shari'a na bakin Kongo: abin da na saya, da wanda na mayar

Ranar sadakar arba'in ta mahaifinmu, bayan baƙi sun watse, kawunmu ya tara mu a zaure ya ce maganar sito da mota da shagon Sabon Gari ba za ta jira ba. Mu tara Baba ya bari, maza huɗu mata biyar, da iyayenmu mata biyu. Abin da ya bari kuwa ba kuɗi ba ne a banki da za a ƙirga a raba. Siton masara ne da waken suya, da babbar mota guda, da shagon taki da iri, da bashin da manoman Giwa da Soba ke ci da damina su biya da kaka. Sai kuma sunansa, wanda shi ya sa dillalan Dawanau ke turo kuɗi tun ba su ga kaya ba. In aka sayar aka raba, kowa zai riƙe abin da ba zai wuce shekara biyu ba, sunan kuma ya bi mai shi. Yaya Babba, wanda ya yi shekara goma sha biyar tare da Baba a sito, ya ce a mai da harkar kamfani, kowa ya karɓi gadonsa a hannun jari. Kowa ya ce to, ni ma na ce to.

Da na koma gida sai barci ya gagara. Darasin kasuwanci nake koyarwa a sakandaren 'yan mata, na san ma'anar kamfani irin wadda ake rubuta wa yara a allo. Abin da ya dame ni daban ne: mace mai ƙaramin kaso, tana gidan mijinta a Gyallesu, ba ta zuwa sito, me ke hannunta idan shekara ta ƙare ba a kawo lissafi ba? Wannan tambayar ce ta kai ni shagon da zan yi magana a kansa.

Wata abokiyar aikina da mijinta ya yi karatun lauya ce ta kwatanta mini shi. Duk wanda ya saba da bakin Kongo, inda Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take, ya san layin masu fotokwafi da ɗaurin littafi. Shagon na cikinsu. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda zan faɗi laifinsa kamar yadda zan faɗi alherinsa, kuma mai shi dattijo ne da nake ganin girmansa. Ɗaki ɗaya ne, kantoci har rufi, benci guda a ƙofa, mutum uku in suka shiga ya cika. Dattijon ya daɗe yana aiki a ɗakin karatu kafin ya yi ritaya, ɗalibai Baba suke ce masa. Bayan mun gaisa na ce littafin dokar kamfani nake nema. Ya ɗago tabarau ya ce, "Malama, jarrabawa za ki rubuta, ko matsala ce ta kawo ki?" Na ce matsala ce, Baba. Ya ce to in zauna, domin abin da yake ba mai jarrabawa daban, na mai matsala daban.

Wannan tambayar ita ce abu na farko da zan yaba. Na shiga shagunan littattafai da dama a Sabon Gari da Samaru, yawanci yaron shago ya san farashi da launin bango kawai. Wannan dattijon ya saurari labarina har ƙarshe, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya tashi ya ɗauko abubuwa uku. Na farko ita kanta dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, a Naira 6,000. Na biyu wani littafin bayani mai kauri da aka taɓa amfani da shi, a Naira 4,500. Na uku ɗaurin takardu ne irin waɗanda ɗaliban digiri na biyu ke sayar masa in sun gama, maƙalu ne na masana da hukunce-hukuncen kotu, gefen shafuka cike da rubutun biro na waɗanda suka riga ni karantawa. Shi ya bar mini a Naira 2,500. Ya ce kada in fara da dokar, sashe 870 ne, za ta kashe mini gwiwa. In fara da labarin baduku.

Badukun shi ne Aron Salomon, mai sana'ar fata da takalma a London. A 1892 ya mai da sana'arsa kamfani. Dokar lokacin ta ce sai mutum bakwai, sai ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar kowa ya riƙe hannun jari ɗaya, shi kuma ya riƙe 20,001 daga cikin 20,007. Ya sayar wa kamfanin da tsohuwar sana'arsa, wani ɓangare na kuɗin ya zama bashin da yake bin kamfanin tare da jingina. Ba a daɗe ba kasuwa ta karye. Masu bin bashi suka ce ai kamfanin nan Salomon ne da kansa ya sake riga, ya biya daga aljihunsa. Kotuna biyu suka ba su gaskiya. Da magana ta kai kotun ƙarshe ta Ingila a ƙarshen 1896, wadda littattafai ke rubutawa da 1897, sai alƙalai suka ce a'a: muddin an yi rajista yadda doka ta ce, kamfani wani mutum ne daban a idon shari'a, dukiyarsa tasa ce, bashinsa nasa ne. Kotun Ƙolin Nijeriya ta bi wannan hanyar, kuma shi ne abin da sashe na 42 na dokarmu ta yanzu ke cewa.

Na karanta shi sau biyu a daren, domin ya taɓa abin da ke gabanmu kai tsaye. Ran da muka yi rajista, sito ya daina zama namu. Na kamfani ne. Ni ba ni da buhu ko ɗaya a ciki, takarda gare ni mai cewa ina da kaso kaza a kamfanin da ya mallaki buhunan. Yaya ma haka. Ba zai ɗebi kuɗin ciniki ya yi cefanen gida kamar yadda Baba ke yi ba, domin Baba nasa yake ɗiba, shi kuwa na wani zai ɗiba. A ɗaya gefen kuma, in ɗayanmu ya rasu ba za a sake fasa sito ba, kasonsa kawai magadansa za su raba. Washegari ina cikin Keke na bi ta PZ sai abin ya faɗo mini. Sunan unguwar nan haruffa biyu ne na Paterson da Zochonis, Turawa biyu da suka fara ciniki a Saliyo a ƙarshen ƙarni na 19. Sun daɗe da mutuwa, kamfaninsu na nan yana sayar mana da sabulu, sunansu kuma ya zama sunan unguwa a Zariya. Attajirai nawa aka yi a garin nan da dukiyarsu ba ta kai jikoki ba?

Yanzu ga laifin shagon, kuma ba ƙarami ba ne. Littafin nan mai kauri na Naira 4,500 an rubuta shi ne a kan tsohuwar dokar 1990. Ba a gaya mini ba. Shafin da ke ɗauke da shekarar bugu ya yage, ni kuma ban san ya kamata in bincika ba. Na yi kusan mako biyu ina karantawa ina rubuta lambobin sassa a littafina, sai da na zo gwada su da dokar da na saya na ga ba sa haɗuwa. Littafin ya ce nauyin da ke kan darakta yana sashe na 279, na buɗe dokar na tarar da wata magana daban, sai can a sashe na 305 na same shi. Da lambobi kawai suka sauya da sauƙi. Littafin ya ce ba a kafa kamfani da ƙasa da mutum biyu, alhali tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar ranar 7 ga Agusta 2020 mutum ɗaya na iya kafa kamfani mai zaman kansa. Littafin ya ce mafi ƙarancin jari Naira 10,000 ne, sabuwar doka ta ce Naira 100,000 ga kamfani mai zaman kansa, Naira miliyan 2 ga wanda ke sayar da hannun jari ga jama'a. Da na ɗauki waɗannan na kai taron gida da na ɓatar da mutum goma.

Na koma na faɗa masa. Bai musa ba. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, kuskurena ne, na ga tushen maganar bai sauya ba sai na sha'afa da cewa ke aiki za ki yi da shi." Ya karɓi littafin ya cire kuɗinsa daga farashin sabon bugu, wanda ya kai Naira 18,000 kuma sai da na jira kwana goma sha ɗaya aka kawo shi daga Legas. Na gamsu da yadda ya gyara. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne har ranar da na je ta ƙarshe tsofaffin bugun na nan a kanta ɗaya da sababbi, babu alamar da ta raba su. Ɗalibin lauya zai gane. Ɗan kasuwa ko magaji irina ba zai gane ba, arha kuma za ta ja shi ga tsohon. Duk wanda zai je, ya buɗe shafi na biyu ya ga shekara, in ta gaza 2020 ko babu shafin, ya ajiye.

Ɗaurin takardun nan na Naira 2,500 kuwa shi ne abin da ya fi komai amfani a gare ni, duk da wasu shafukan sun dushe har sai na kai su bakin taga. Turancinsu mai nauyi ne, na sha komawa ƙamus, rubutun ɗaliban da ke gefe kuma ya taimaka ƙwarai. Wanda ya tsara su ya san abin da yake yi.

Akwai maƙalar Ronald Coase ta 1937, wadda ta kasance cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1991. Tambayarsa mai sauƙi ce: in kasuwa na daidaita komai da farashi, me ya sa ake kafa kamfani da ma'aikata da shugaba, me ya hana kowane aiki a fita a yi cinikinsa? Amsarsa ita ce shi kansa cinikin yana da tsada. Neman wanda zai yi aikin, da jayayya kan farashi, da bin sawu a ga an cika alkawari, duk suna cin lokaci da kuɗi. Inda wannan tsadar ta yi yawa sai mai harka ya jawo aikin cikin gida ya ɗauki ma'aikaci. Ina karantawa ina ganin Baba. Shekaru ya yi yana hayar mota daga tasha, da kaka kuwa direbobi sai su ninka kuɗi ko su karɓi alkawari su ƙi zuwa, masara na jibge a ƙauye ruwan ƙarshe na barazana. Sai ya sayi tasa ya ɗauki direba. Amma bai taɓa ɗaukar 'yan dako aikin wata ba, domin kullum suna bakin sito, farashin buhu kowa ya san shi, babu abin jayayya. Baba bai taɓa jin sunan Coase ba, amma a daidai wurin da mutumin ya ce iyakar kamfani take, nan ya ja tasa.

Sai wani babi daga littafin Adolf Berle da Gardiner Means na 1932. Sun duba manyan kamfanonin Amurka 200 suka ga a da yawa daga cikinsu masu dukiya sun warwatsu, dubban mutane kowa da ɗan kasonsa, ragama kuma tana hannun manajojin da abin da suka mallaka kaɗan ne. Mai dukiya daban, mai juya ta daban. Adam Smith ma ya taɓo haka tun 1776, cewa mai kula da kuɗin wasu ba zai sa ido kamar mai kula da nasa ba. Michael Jensen da William Meckling su suka mai da maganar lissafi a 1976, kuma lissafin nasu ne ya sa na ajiye takardar na yi shiru. Lokacin Baba, in ya kashe Naira 100 ta sito a kan abin da ba na sito ba, Naira 100 ya yi asara, domin duka nasa ne. Yaya kuwa kasonsa bai kai kashi 14 cikin 100 ba. In ya kashe Naira 100 ɗin, shi zai ci moriyarta duka, asararsa ba ta kai Naira 14 ba, sauran mu goma muka ɗauka. Ina so a fahimce ni, Yaya mutum ne mai amana, shi ya yi jinyar Baba, shi ya biya mini kuɗin makaranta shekarar da amfanin gona ya lalace. Maganar ba ta halinsa ba ce. Kujerar da muke shirin ɗora shi ce ke da wannan santsin, ko waye ya hau ta, kuma wata rana ɗansa ne ko ɗan wani zai hau. Manyan bankuna ma ba su tsira ba. Muna nan a Agustan 2009 Gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, aka zuba Naira biliyan 420 don a ceto kuɗin masu ajiya.

Da na koma shagon na ba Baba mai littafi labarin wannan lissafin, sai ya yi murmushi ya miƙa hannu kantar da ke bayansa, inda yake ajiye littattafan ɗaliban shari'ar Musulunci. Ya ce, "Malama, a Islamiyya ba ku yi babin ƙiradi a Risala ba?" Mun yi, amma ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Ƙiradi, wanda wasu ke kira mudaraba, shi ne mai dukiya ya ba wani ya juya, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko. In aka yi asara ba da sakacin mai juyawa ba, mai dukiya ya rasa kuɗinsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. In kuwa ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi, shi zai biya. Malaman fiƙihu har abin da mai juyawa zai ci daga dukiyar in ya yi tafiya sun tattauna. Wato matsalar da masanan Amurka suka yi wa lissafi a 1976, malamanmu sun yi mata babi ɗaruruwan shekaru kafin nan. Wannan haɗin da dattijon ya yi mini a tsaye, cikin minti biyar, ba a sayar da shi a kan kanta, kuma shi ya ba ni harshen da na yi wa iyayenmu mata bayani. Da na ce wa Hajiya darakta ba ta gane ba, da na ce mai juya dukiyar ƙiradi ne kuma amana ce a wuyansa, nan take ta gane.

A cikin ɗaurin akwai kuma wani yanki na rubutun Timur Kuran, wanda ke ganin cewa rabon gado da wargajewar tarayya bayan mutuwar abokin tarayya na cikin abin da ya hana kasuwancin ƙasashen Musulmi girma ya daɗe kamar na Turai. Wani ɗalibi ya rubuta a gefe da jan biro cewa bai yarda ba. Ni na yarda da rabin maganar. Gaskiya ne muna ganin dukiya na narkewa bayan rabo. Amma laifin ba na gado ba ne, na abin da ake rabawa ne. In buhu da mota da shago za a raba dole a fasa. In hannun jari za a raba, kowa zai samu haƙƙinsa daidai yadda Allah ya yanka, sito kuma yana tsaye.

Ga yadda namu ya fita, bayan malamin da ya raba mana gadon ya tabbatar. Kaso 208 aka yi. Tumuni na iyayenmu mata, 26, kowacce 13. Sauran 182, kowane namiji 28, kowace mace 14. Da na ɗora wannan a kan dokar sai abubuwa suka bayyana. Maza huɗu suna da 112, sun haura rabi, don haka in suka haɗa kai su kaɗai za su naɗa darakta ko su cire shi. Amma sauya ƙa'idojin kamfani na bukatar kashi uku bisa huɗu, ba za su kai ba sai da mu, domin mata bakwai muna riƙe da 96. Sai dai kashi uku bisa huɗun na ƙuri'un da aka kaɗa ne a taron, ba na dukan jari ba. In muka ce kunya ko hidimar gida ta hana mu zuwa, ba mu kuma wakilta kowa ba, ƙuri'ar waɗanda suka je ita ce duka. Na kuma ga cewa masu kashi ɗaya bisa goma na iya tilasta a kira taro, ni da ƙanwata ɗaya mun isa, 28 cikin 208. Kowannenmu ya haura kashi 5 cikin 100, saboda haka dole a bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, sunayenmu duka a matsayin masu faɗa a ji a kamfanin. Doka ta kuma ba da dama a rubuta cewa mai son sayar da kasonsa sai ya fara tallata wa 'yan'uwa kafin bare, abin da ya tuna mini da shufa'a, wato haƙƙin abokin tarayya na ya fara sayen kason da za a sayar.

Abin da ya fi tsorata ni a sabuwar dokar shi ne sassaucin da ake yabonta a kansa. Kamfanin da cinikinsa bai wuce Naira miliyan 120 a shekara ba, dukiyarsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, in ya cika sauran sharuɗɗa ana lissafa shi ƙarami. Ƙaramin kamfani ba dole ya yi babban taron shekara ba, ba dole ya ɗauki sakatare ba, ba dole ya kira odita ba, darakta ɗaya ma ya ishe shi. Ga mai shago shi kaɗai wannan rahama ce. Ga gida irin namu, inda mutum ɗaya ke sito goma ke gida, waɗannan abubuwan da aka yafe su ne idanunmu. Zuwa kotu kuma ba abu ne mai sauƙi ba, domin tun hukuncin Foss da Harbottle na 1843 asalin ƙa'ida ita ce in an cuci kamfani, kamfanin ne zai kai ƙara, wato masu rinjaye. Dokarmu ta buɗe wa marasa rinjaye wasu ƙofofi daga sashe na 343 zuwa gaba, amma wace ce a cikinmu za ta kai yayanta kotu ta sake shiga gidan? Rigakafin shi ne a rubuta tun ana ɗasawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka.

Akwai muhawara ɗaya a ɗaurin da har yanzu ban gama da ita ba. A farkon shekarun 1930 Berle ya ce daraktoci amintattun masu hannun jari ne, Merrick Dodd ya mayar masa da cewa kamfani na da haƙƙin ma'aikata da al'umma a kansa. Kafin su, a 1919, wata kotu a Michigan ta tilasta wa Henry Ford ya raba wa masu hannun jari riba lokacin da ya so ya riƙe ta. Sashe na 305 na dokarmu ya ce darakta ya yi abin da ya fi zama alheri ga kamfanin gaba ɗaya, ya kuma lura da ma'aikata da muhallin da kamfanin ke aiki. Mu wannan ba zancen aji ba ne. Baba kan yafe wa manomi bashin taki shekarar da fari ko tsutsa ta cinye gona. Dukiyarsa ce, sadakarsa ce. Yanzu in Yaya ya yafe, daga kason ƙannenmu marayu da ba su balaga ba ma ya yafe. In kuma ya ƙi yafewa, manoman da suka riƙe Baba shekara talatin za su koma wajen wani. Ni ina ɓangaren a yafe, amma a sa iyaka a kuma kawo sunaye gaban taro.

Sauran abin da mai zuwa ya kamata ya sani kaɗan ne. Shagon na buɗewa wajen tara da rabi, ana rufewa lokacin salla, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko. Ba ya da na'urar cirar kuɗi, ko tsaba ko tura wa ta waya. Ƙura ta yi yawa a kantocin sama, mai asma ya tsaya a ƙofa. Lokacin jarrabawa ɗalibai kan cika wurin, dattijon ba ya samun sukunin hira, gara a je da hantsi a tsakiyar zango. Yana ba da hayar wasu littattafan na mako biyu in ka bar kuɗin ajiya. Na lura wasu sababbin littattafan bugun jabu ne, takarda sirara, tawada na bin yatsa, in ka tambaye shi yakan faɗa maka gaskiya, amma sai ka tambaya. Kuma duk faɗin kantocin nan babu littafi ko ɗaya da Hausa a kan dokar kamfani. Na tambaye shi, ya ce shekarunsa a harkar bai taɓa riƙe irinsa ba, da akwai da 'yan kasuwar Sabon Gari sun saye. Wannan ya yi mini ciwo, a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma malaman shari'a ke tsallaken titi.

Littattafan ba su maye gurbin lauya ba, mun ɗauki lauya ya tsara takardu ya yi rajista. Amma na je ofishinsa da shafi biyu na abin da nake so a sa a ƙa'idojinmu: taro duk shekara bayan kaka da sanarwar kwana 21, akanta daga waje ya duba littattafai ko da doka ta yafe, daraktoci uku ɗaya daga cikinsu mace, albashin Yaya a rubuce, asusun kamfani daban da na gida, da iyakar bashin da za a yafe ba tare da taro ba. Na ji tsoron yadda Yaya zai ɗauka, sai na kai masa takardar gida kafin kowa ya gani. Ya karanta ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ƙanwata, wannan ni ya fi karewa. Gara a duba ni duk shekara da a yi ta zargina a ɗaki." Abu ɗaya ya ƙi, ya ce iyakar yafe bashin ta yi ƙasa, aka ɗaga ta. Yayarmu ta biyu aka zaɓa darakta.

Ɗaurin takardun yana hannun ƙaninmu da ke aji uku a jami'a, na ce ya karanta kafin taron bana. Makon jiya na biya ta shagon na mayar da littafin fiƙihun da na yi haya, na kuma tafi da farar takarda da gam. Na roƙi dattijon ya bar ni in liƙa alama a kantar tsofaffin bugu. Ya ce in bari zai sa yaronsa ya ware su ranar Asabar, in na zo karɓar littafin harajin kamfanoni da na ba da sautu in duba.